Tumatir ɗan itace ne, masara ma haka: ƙa'idar rarrabe 'ya'yan itatuwa da iri

"Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce, ina koyar da kimiyyar halittu a ajin farko na babbar sakandare. Da muka zo darasin 'ya'yan itatuwa da iri, ɗalibaina suka tsare ni da tambaya: yaya za a ce tumatir da kuɓewa 'ya'yan itace ne alhali ba su da zaƙi, ba kuma a bishiya suke fitowa ba? Me ya sa littafi ya ce ƙwayar masara ɗan itace ce, ta wake kuwa iri ce? Na haddace sunayen rukunonin, amma in aka miƙo min abin da babu shi a littafi ba na iya cewa ga inda ya faɗa. Akwai wata ƙa'ida da zan riƙe?"

Wa alaikumus salam Malama. Tambayoyinki uku ne, amma saiwarsu ɗaya: da me ake aunawa kafin a ce wannan ɗan itace ne, wancan iri ne? Akwai ƙa'ida, kuma gajeriya ce. Duk abin da aka miƙo miki, ki bar maganar zaƙi da launi da girman uwar da ta haife shi, ki tambaya: daga wane sashe na fure wannan abu ya fito? In kika iya amsa wannan, sunayen da kika haddace za su zauna a mazauninsu da kansu.

Kafin mu shiga fure, ki lura da wani abu a harshenmu, domin rabin ruɗanin ɗalibanki daga nan yake. Mukan ce "tumatir ya yi 'ya'ya", "kabewa ta yi 'ya'ya", babu mai jayayya. A nan bakinmu ya dace da na masana tsirrai sarai. Amma kuma in an yanka kankana mukan kira baƙaƙen ƙwayoyin cikinta "'ya'yan kankana". Kalma ɗaya ke nan tana ɗauke da abu biyu, gida da mai gidan. Ga kuma kalmar "itace" da ke ja wa yaro hankali zuwa bishiya. Don haka a wannan amsa, in na ce ɗan itace ina nufin gidan da iri ke ciki, ko bishiya ce ta haife shi ko ciyawa, in na ce iri ina nufin ƙwayar da ke ɗauke da jaririn tsiro. Ki yi wa ɗalibanki wannan shimfiɗa tun ranar farko.

Daga fure ake farawa

Ki samo furen kuɓewa ko na yakuwa, ki tsaga shi da reza daga sama zuwa ƙasa. A waje akwai korayen 'yan ganyen da suka rufe shi lokacin yana ƙulle, sai ganyen fure masu launi, sai sashen namiji mai fitar da garin fure, wanda manoma ke kira bununi a jikin gero da dawa. A tsakiya kuma sashen mace yake: kai mai danƙo da ke kama garin, da wuya, sannan kumburarren gindi. Wannan gindin shi ne mahaifar fure, a cikinta kuma akwai 'yan fararen ƙwai jere kamar ƙwayoyin carbi. Bayan barbara, mahaifar ce ke girma ta zama ɗan itace, kowane ƙwai kuma ya zama iri. Maganar ke nan gaba ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwan ya cancanci ki faɗa musu, don zai yi amfani a gaba. Garin fure yakan miƙa wani siririn bututu ta cikin wuyan har ya isa ƙwan, ya kai ƙwayoyin namiji guda biyu. Ɗaya ta haɗu da ta mace a sami jaririn tsiro, ɗayar ta haɗu da wasu biyu a tsakiya a sami guzurin da jaririn zai ci. Masanin Rasha Sergei Nawashin ne ya bayyana wannan barbara mai ninki biyu a 1898, kuma tana cikin alamomin da tsirrai masu fure suka keɓanta da su. Waɗannan tsirrai sun kai kusan nau'i 300,000. Akwai wani ƙaramin dangi, nau'i kamar 1,000, irin bishiyoyin fain na ƙasashe masu sanyi, da suke yin iri a tsirara ba tare da mahaifa ta rufe shi ba. Su suna da iri, ba su da ɗan itace.

To, da wannan ma'auni tumatir da kuɓewa da barkono da gauta da kokwamba duk 'ya'yan itace ne. "Kayan lambu" kalma ce ta masu girki da 'yan kasuwa, kuma tana da gaskiyarta a fagenta. Har kotu maganar ta taɓa zuwa: a 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa wajen biyan harajin shigo da kaya tumatir kayan lambu ne, saboda haka jama'a ke kiransa kuma haka suke cinsa, duk da alƙalan sun yarda cewa a ilimin tsirrai ɗan itace ne. Ki gaya wa ɗalibanki ba su yi kuskure ba, ma'auni biyu ne suka haɗu a kansu.

Bango mai hawa uku

Bangon mahaifa in ya girma yakan kasu hawa uku: na waje, na tsakiya, na ciki. Kusan duk rabe-raben da ke littafinki labarin abin da ya sami hawan nan uku ne. Ba ni da abin koyarwa da ya kai mangwaro a nan. Ɓawonsa hawa na waje ne, tsokar da ake sha na tsakiya, ƙwallon kuwa, wanda kowa ke ɗauka iri ne, hawa na ciki ne da ya taurare ya zama kamar katako. Ki bar ƙwallon ya sha iska, ki buɗe gefensa da wuƙa a hankali, za ki tarar da irin na gaskiya kwance a ciki da 'yar rigarsa mai kama da takarda. Duk shekarar da na yi wannan a gaban ɗalibai sai ajin ya yi tsit, don sun sha mangwaro tun suna rarrafe amma ba su taɓa ganin irinsa ba. Wannan rukuni shi ne masu ƙwallo: magarya, aduwa, ɗinya, zaitun, duk nan suke.

Kwakwa ma nan take, sai dai hawanta na tsakiya zare ya zama a maimakon tsoka. Ƙoƙon mai tauri shi ne hawa na ciki, irin kuma yana farawa ne daga siririyar fatar nan mai ruwan ƙasa da ke manne da farar tsoka. Farar tsokar da ruwan duka guzurin jariri ne. Idanu ukun da ke kan ƙoƙon shaida ce cewa mahaifar ɗaki uku gare ta tun asali, ɗaya ne kawai ya yi iri, kuma a ƙarƙashin ido mai laushin jaririn yake.

Ga wani tarko da ke kama har manyan ɗalibai: dabino. Kowa ya gan shi zai ce mai ƙwallo ne kamar magarya. Amma ƙwallon dabino iri ne tsantsa, taurinsa daga guzurin jaririn ya zo, hawan ciki na bangon kuwa shi ne 'yar farar fatar nan da ke liƙe tsakanin tsoka da ƙwallo. In kika fasa ƙwallon magarya za ki ga iri a ciki. In kika fasa na dabino babu wani ɗaki, sai ɗan ƙaramin jariri a ƙarƙashin wani zagayayyen tabo da ke bayansa. Saboda haka masana da yawa suke sa dabino cikin masu tsoka zalla, rukunin da littattafai ke kira beri, inda hawa na ciki bai taurare ba. Tumatir, gauta, barkono, gwanda, inabi, kanya da ayaba duk 'yan wannan gida ne.

Lemo da kankana 'yan gidan ne su ma, amma kowanne an ware masa ɗaki. A lemo ɓawon yana ɗauke da jakunkunan mai, farin soson shi ne hawa na tsakiya, ruwan kuma yana cikin wasu 'yan jakunkuna da suka tsiro daga fatar hawa na ciki. Kankana da kabewa da duma kuwa ɓawonsu ya yi kauri ne domin gindin furen ya haɗe da bangon mahaifa. Za ki ga alamar tun a gona: furen mace na kabewa a kan gunda yake zaune. Wannan ma wata dabara ce mai sauƙi. In kika ga busassun ganyen fure a ƙarshen da ke nesa da sanda, kamar a gwaba da tuffa, mahaifar a ƙarƙashin fure take. In suna wajen sandar, kamar hular tumatir da gauta, a sama take.

Waɗanda suke bushewa

Yanzu mu zo kan wake da masara. Kwanson wake gaba ɗayansa shi ne ɗan itacen, ƙwayoyin ciki su ne iri. Daga ɗaki ɗaya ya fito, kuma in ya bushe yakan tsage ta gefe biyu ya watsar da irin. Ɗorawa da tsamiya da bagaruwa danginsa ne, ko da yake kwanson wasunsu ba ya tsagewa. Gyaɗa ma wake ce, kuma ba daga saiwa take fitowa ba kamar yadda yara kan zata. Furenta a sama yake buɗewa, bayan barbara sai wata 'yar tsinka ta fito daga gindinsa ta sunkuya ta soki ƙasa ɗauke da mahaifar a bakinta, can kwanson ke girma a cikin duhu. Sunanta na Latin, Arachis hypogaea, rabinsa na biyu "ƙarƙashin ƙasa" yake nufi.

Amma kama da wane ba ta wane. Ki ba ɗalibai doguwar sandar zogale, duka za su ce wake ce. Ki sa su ƙirga ɓangarorin da take tsagewa: uku ne, alamar ɗakuna uku da suka haɗe. Ita tana tare da kuɓewa da auduga da riɗi, rukunin da mahaifarsu ta haɗu daga ɗakuna da dama. Tumfafiya kuma ta gefe ɗaya tak take tsagewa ta saki irinta mai gashi, wannan wani rukuni ne daban. Ƙirga layin tsagewa da ƙirga ɗakuna in an yanka a tsaye da a kwance yana warware mafi yawan busassun da za a kawo miki.

Masara kuwa ba ta tsagewa. Kowace ƙwaya a jikin totuwa daga furenta ta fito, kuma kowane zare na gemun masara wuyan fure ɗaya ne. Shi ya sa in bununi bai sauka a kan wani zare ba sai ki ga giɓi a jikin totuwar. Mahaifar kowane fure ƙwai ɗaya gare ta, da ta girma sai bangonta ya manne da rigar irin har ba a iya raba su da farce. Don haka abin da kike riƙe da shi ɗan itace ne mai iri ɗaya, gida da mai gida a manne. Gero, dawa, alkama da shinkafa duk haka suke. Mafi yawan dusar da ke fita in an surfa hatsi wannan bangon ne tare da rigar iri. Ɓuntun shinkafa kuwa ba ya cikin lissafin, 'yan ganyen da suka rufe furen ne. Manomi in ya kira masararsa iri ya yi daidai a sana'arsa, tunda ita yake shukawa.

Fure nawa ne a nan?

Duk abin da na kawo zuwa yanzu fure ɗaya ne, mahaifa ɗaya. Akwai waɗanda fure ɗaya ke da mahaifu da yawa a rarrabe, kowacce ta girma sannan su dunƙule, kamar gwandar daji. Akwai kuma waɗanda furanni masu yawa ne suka haɗu. Abarba ita ce misalin kowa: kowane ido a jikinta fure ne guda, sukan haura ɗari, zuciyar tsakiya kuma sandar da suke jere a kai ce. Ɓaure ya fi ba ni sha'awa. Mutane da yawa sukan ce ba ya fure, alhali furanninsa suna cikin ƙwallon nan, sandarsu ce ta lanƙwashe ta rufe su kamar tulu, ta bar ɗan baki a ƙasa. Wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro ne ke shiga ta bakin su yi barbarar, su saka ƙwansu. An ce mai shan ɓaure ba ya tona cikinsa, amma a darasinki ki sa su tona da gilashin ƙara girma, domin 'yan ƙwayoyin da ke ƙaras-ƙaras a haƙori su ne 'ya'yan itacen na ainihi.

Sai waɗanda wani sashe na daban ya kumbura ya saci sunan. Jan ko rawayan abin da ake sha a yazawa sandar fure ce, ɗan itacen shi ne lanƙwasasshen kwanson da ke rataye a ƙasa. A tuffa ma yawancin tsokar daga gindin fure take, mahaifar ita ce zuciyar da ake yarwa.

Cikin irin kansa

Aikin da nake fara yi da kowane sabon aji shi ne jiƙa wake da masara su kwana a ruwa. Da safe a ɗauki wake a duba hancinsa, wato tabon inda yake manne da kwanso, cibiyarsa ke nan. A matsa shi kaɗan, ɗigon ruwa zai fito ta wani ɗan rami kusa da hancin, ta nan bututun garin fure ya shiga tun yana ƙwai. A zare rigar, ya rabu biyu. Waɗannan ɓari biyun ganyen iri ne, a tsakaninsu ga 'yar saiwa ga ɗan toho da ganyayensa a naɗe. Wake ya riga ya kwashe guzurinsa ya zuba cikin ɓarin biyu, shi ya sa suka yi kauri. Masara kuwa in an tsaga ta a tsaye aka ɗiga aidin, sashen guzuri zai koma baƙi-shuɗi saboda sitaci, jaririn ya rage fari a gefe da ganyen irinsa guda ɗaya, wanda aikinsa tsotso ne. Raba tsirrai masu fure zuwa masu ganyen iri ɗaya da masu biyu tsohon aiki ne, Baturen Ingila John Ray ya kawo shi tun 1682. Kada dai ɗalibai su ɗauka duk mai ɓari biyu ba shi da guzuri a ware: irin zurma ɓari biyu gare shi sirara, kewaye da guzuri mai maiƙo.

Rigar iri ma tana da nata abin mamaki. Zaren auduga gashi ne da ya tsiro daga rigar angurya, kowane zare ƙwayar halitta ɗaya ce da ta miƙe. Audugar rimi tana kama da ita a ido, amma daga bangon ɗan itacen take fitowa, shi ya sa irin rimi ke zubowa ba tare da gurza ba. Nan ma tambayar ɗaya ce ta raba su.

Girman iri yana bin yawan guzuri. Mafi girma a duniya na wata kwakwa ce ta tsibiran Seshel da ke Tekun Indiya, yakan haura kilo 15. A ɗaya ƙarshen ga irin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, kamar ƙura yake, tsiro ɗaya yakan zubar da dubbai masu yawa. Guzurinsa bai isa ya kai shi ko'ina ba, don haka yakan kwanta a ƙasa har sama da shekara 10 yana jira, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Wasu irin suna jure bushewa da daɗewa ƙwarai: an shuka ƙwallon dabino mai shekara kusan 2,000 da aka tono a Masada, kufan wata tsohuwar ganuwa a Isra'ila, ya kuma tsiro a 2005, kuma rumbun iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008 yana ajiye iri masu jure bushewa ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Irin mangwaro da koko da goro kuwa da zarar sun bushe sosai sun mutu. Na sha ganin ɗalibai sun shanya ƙwallon mangwaro makonni a rana don gwajin tsiro, suka zo suna tambayar me ya hana shi fitowa.

Inda ƙa'idar ke tsayawa

Dole in faɗa miki iyakar abin nan, don kada wani ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa ya kama ki. Mutane ne suka zana rukunonin, tun daga aikin Bajamushe Joseph Gaertner wanda ya fara fitowa a 1788, kuma tsirrai ba su san da zanen ba. Ɗan kuka yana da ɓawo mai tauri da ba ya tsagewa da gari a ciki, littattafai sun saɓa kan inda za su ajiye shi. Dabinon da na ambata ma za ki iya samun littafin da ya sa shi cikin masu ƙwallo. A jarrabawa ɗalibai su bi littafin manhaja, a aji kuma ki nuna musu dalilin saɓanin. Haka nan kamannin 'ya'ya ba shaidar zumunta ba ce: tumatir da taba dangi ɗaya ne, amma ɗan tumatir tsoka ne, na taba busasshe ne mai tsagewa. Zumuntar tsirrai a yau da ƙwayoyin gado ake tantance ta a ɗakin gwaji, wannan fage ne daban da nawa, ni aikina na reza da gilashi ne. Kuma akwai 'ya'yan da mahaifarsu ke girma ba tare da barbara ba, kamar ayabar da ake nomawa, wadda baƙaƙen ɗigogin tsakiyarta ƙwai ne da ba su zama iri ba. Ita ma ɗan itace ce, tunda daga mahaifa ta fito.

Wani lokaci kuma abin da aka miƙo miki ya riga ya nuna har ya ɓoye asalinsa, yankawa kaɗai ba za ta ba da amsa ba. A nan sai a koma jikin tsiron a bi fure. Gani ya kori ji: ki shuka kuɓewa a bokiti uku ko huɗu a bayan aji tun farkon zango. Furenta kwana ɗaya yake yi. Ranar da ya buɗe ɗalibi ya ɗaura zare mai launi a sandarsa, ya zana abin da ya gani, washegari ya sake zanawa bayan ganyen furen sun faɗi, ya auna tsawon abin da ya rage da rula kullum. Cikin kwana biyar ko shida zai ga ɗan koren gindin nan ya zama kuɓewar da ya sani. Ki sa a tsinke ɗaya a rana ta biyu, ɗaya a ta biyar a yanka a kwance a ƙirga ɗakuna, ɗaya kuma a bar ta a jikin uwar har ta bushe ta tsage da kanta.